GAWAYIN ƘASA: WA KE BIYAN KUƊINSA?

Filin manomi da makiyayi

Babu ramin gawayi a Isawan. Babu shi a Mayahi, babu shi a Tasawa. Duk da haka maganarsa ta iso. Rediyo na faɗin sunan Salkadamna. Samari masu zuwa cin rani arewa suna komowa da labarin Cirozerin. A manyan birane kuma an sha nuna wa mata wani baƙin dutse mai cin wuta, ana cewa shi zai maye gurbin itace. Shi ya sa filin wannan wata ya tsaya a kan gawayin ƙasa.

Gawayin nan dukiya ce. Amma kuɗinsa bai tsaya ga abin da mai saye ya miƙa wa mai sayarwa ba. Gona na biya, rijiya na biya, ƙirjin mutum ma na biya. Ya kamata manomi da makiyayi su san wannan lissafi tun abin yana nesa.

MENE NE GAWAYIN ƘASA?

Gawayi iri 2 ne. Akwai na itace, wanda kowa ya sani. A sare icce, a turara shi cikin rami, a sayar wa maƙera da masu shayi da masu guga. Akwai kuma na ƙasa, wanda mutanen Najeriya ke kira kwal. Shi dutse ne baƙi. Asalinsa itatuwa ne da ciyayi na fadamun zamanin da. Laka da rairayi suka rufe su. Nauyi da zafi suka danne su shekaru miliyoyi, har suka koma dutse.

A nan bambancinsu yake. Icce in an sare shi da kyau yana sake tohowa. Gawayin ƙasa kuwa in an tone shi ba ya komowa. In ya ƙare, ya ƙare ke nan.

INDA AKE TONA SHI A NIJAR

A ƙasar Nijar, ramin da aka daɗe ana tona yana Anu Araren, kusa da garin Cirozerin. Daga Agadas zuwa can kamar kilomita 75 ne. A shekarar 1975 gwamnati ta kafa kamfanin SONICHAR don wannan aiki. Aka gina tashar lantarki mai inji 2 a bakin ramin. Na farko ya fara aiki a 1981, na biyu a 1982.

Ga yadda abin ke tafiya. Ana zuba gawayin cikin babban murhun ƙarfe. Wutarsa ta tafasa ruwa. Tururin ruwan ya juya inji. Injin ya ba da lantarki. An gina tashar ne don ma'aikatun tonon uraniyum na Arlit da Akokan. Biranen Agadas da Arlit da Cirozerin su ma suka samu wuta daga gare ta.

Aikin ba ƙarami ba ne. An yi shekaru da yawa ana ƙona fiye da tan dubu 150 a shekara. Tan 1 buhu 10 ne mai kilo 100. Ke nan buhu miliyan 1 da rabi na shiga wuta kowace shekara, ko fiye.

Alherin da ya fito daga ciki a fili yake. Ɗaruruwan magidanta sun samu aikin albashi. Wurin da dā makiyaya ke yawo da bisashe ya zama gari mai kasuwa da lakwal da asibiti. Ƙasa kuma ta rage kuɗin da take kashewa wajen sayen gazuwal daga waje. Wannan duk gaskiya ne. Sai dai kowane rami na gawayi a duniya yana da bashin da yake bari a baya. Bashin nan kashi 3 ne.

NA FARKO: ƘASA

Gawayin Anu Araren daga sama ake tono shi. Irin wannan tono shi ya fi cin fili. Katafila na zuwa ta kankare ƙasar sama. Ita ce ƙasa mai rai, mai taki, mai irin ciyawa. Daga nan a kwashe duwatsun da suka rufe gawayin, a tara su gefe kamar tsauni. Ramin ya yi ta faɗi yana bin gawayi.

Bayan an ƙona gawayin kuma toka na saura. Gawayin Anu Araren mai yawan toka ne ƙwarai. Ita ma tara ta ake yi. Tsaunin dutse da na toka ba su fidda ciyawa da wuri. Iska ta taso ta kwashi ƙurarsu ta zuba a kan ganye da haki.

Manomi yana rasa gonar da rami ya ci. Makiyayi kuwa hasararsa ta fi ɓoyuwa. Ba shi da shinge da zai nuna. Amma in rami ya ratsa burtali, hanyar mashaya ta tsawaita. Tafiyar hantsi ta koma ta yini. Saniya mai ciki da ɗan maraƙi su ne ke fara gajiya. Tsohon ramin da aka bari a buɗe kuma yana tara ruwan damina. Bisashe na faɗawa ciki, yara ma haka.

NA BIYU: RUWA

Ba a tona rami mai zurfi sai an tsotse ruwan da ke shiga cikinsa. Ruwan nan shi ne wanda rijiyoyin maƙwabta ke sha. In fanfo ya yi ta ja dare da rana, ruwan rijiya na iya yin ƙasa. Mutumin ƙasar Mayahi ya san abin da wannan ke nufi. Ƙarin gaba 2 a igiyar guga ƙarin wahala ne ga mata da jakai da shanun ja.

Akwai kuma lalacewar ruwan kansa. A cikin gawayi da duwatsun da ke tare da shi akwai farar wuta. Muddin tana binne ba ta ɓarna. In aka fito da ita ta gamu da iska da ruwa, sai ruwan ya yi tsami. Ruwa mai tsami yana narkar da ƙarfe da wasu gubobi daga cikin dutse. Alamarsa ita ce launin tsatsa, ja ko rawaya, a bakin kwata. Irin wannan ruwa yana kashe kifi, yana ƙona shuka. Tafasawa ba ta gyara shi. Tafasa na kashe ƙwayar cuta, amma ba ta fid da guba.

Tashar lantarki ita ma mashayiya ce. Tururi daga ruwa yake fitowa. A Anu Araren daga rijiyoyin burtsatse masu nisa ake jawo ruwan cikin bututu. A ƙasar da ruwa ke da wuya, dole a tambaya: nawa inji zai sha, nawa zai rage wa mutane da bisashe?

NA UKU: ƘIRJI

Ƙurar da ta fi cutarwa ita ce wadda ido ba ya gani. Tana wuce hanci ta shiga can cikin huhu ta zauna. Tari ba ya fid da ita. Shekara da shekaru huhu ya yi tabo ya taurare. Mutum ya fara haki in ya hau tudu. Daga baya ya yi haki ko yana zaune. Likitoci suna iya rage masa wahala, amma babu maganin da ke mayar da huhun yadda yake. Wanda ƙurar dutse ta ci huhunsa kuma, tarin fuka ya fi saurin kama shi.

Wannan ya shafi ƴan cin rani kai tsaye. Ƙurar ramin zinariya da ta wurin fasa dutse duk irin wannan ɓarna suke yi. Saurayi ya komo gida da kuɗi da rediyo da sabuwar riga. Ciwon kuma ya ɓoye, sai bayan shekaru ya bayyana, lokacin da yake da iyali.

Hayaƙin ɗanyen gawayi shi ma mugu ne. A watan Disamba na 1952 hayaƙinsa ya lulluɓe birnin Landan na Ingila kwana 5. Mutum wajen 4000 suka mutu cikin ƴan kwanaki. A wani yanki na lardin Yunan, a ƙasar Sin, mata sun daɗe suna girki da ɗanyen gawayi cikin ɗaki marar hanyar hayaƙi. Likitoci suka tarar ciwon daji na huhu ya yi yawa a cikinsu, alhali yawancinsu ba su shan taba. Da aka sa wa murhunansu bututun fid da hayaƙi, cutar ta ragu.

Kada a ɗauka hayaƙin itace da kara da kashin shanu ba shi da laifi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki cikin gida yana kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara. Mata da yaran da ke goye su ne suka fi shaƙarsa.

DARASI DAGA MAƘWABTA

Najeriya ta riga Nijar shiga wannan harka da shekaru masu yawa. Abin da ya faru can ya isa a duba.

An gano gawayi a ƙasar Inugu a 1909. Turawa suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga can zuwa Fatakwal, a bakin teku. Dubban mutane suka bar gona suka shiga rami. A ranar 18 ga Nuwamba 1949, ƴan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikata 21 masu yajin aiki a ramin Iva. Daga baya aka samu man fetur, jiragen ƙasa suka koma shan gazuwal. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsai da aiki, ruwa ya cika wasu ramuka. Harkar ta yi ta ja da baya har ramukan suka rufe. Albashi ya tsaya. Ruwa mai tsami kuwa ya ci gaba da fita daga tsofaffin ramuka yana shiga kogin Ekulu.

Na kusa shi ne ƙauyen Maiganga, a jihar Gombe. Mutanensa manoma ne. A 2007 kamfanin siminti na Ashaka ya fara tonon gawayi a wurin. Aka tashi mutane aka kai su sabon mazauni. Shekaru bayan haka jaridu sun yi ta ɗauko kukansu. Suna cewa gonaki sun tafi, diyya ba ta kai ba, ruwan sha ya lalace, ƙura ta dame su.

A nan akwai lissafin da kowane manomi zai iya yi da kansa. Diyya sau 1 ake biya. Gona kuwa kowace damina take biya. A ce gona tana ba da dami 60 na hatsi a shekara. Cikin shekara 20 ta ba da dami 1200. Ban da wake, ban da harawa, ban da kara, ban da itatuwan da ke cikinta. Bayan shekara 20 kuma gonar tana nan, ɗa ya gada. Kuɗin diyya in ba a yi hankali ba, aure 1 da babur 1 sun cinye shi.

A Nijar ma an ga yadda aikin rami ke da iyaka. Ma'aikatar uraniyum ta Akokan, wadda ake kira COMINAK, ta rufe a ƙarshen watan Maris na 2021. Ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki. Tashar Anu Araren kuma ta rasa ɗaya daga cikin manyan masu sayen wutarta.

MAGANAR SALKADAMNA

Salkadamna tana cikin ƙasar Takanamat, a jihar Tawa, kamar kilomita 80 arewa maso yamma da birnin Tawa. An gano gawayi mai yawa a wurin. A 2014 shugaban ƙasa na lokacin, Isufu Mahamadu, ya aza tubalin farko na wata tashar lantarki. Yadda aka tsara ta, za ta ninka ta Anu Araren fiye da sau 15. Shekara 10 suka wuce ba a gina ta ba.

Dalilin son gina ta sananne ne. Nijar ta daɗe tana sayen mafi yawan wutarta daga Najeriya. Wutar Maraɗi da Damagaram ma ta wayar da ta taso daga Katsina zuwa Gazawa take shigowa. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar na tsawon watanni. Asibitoci da masu injin niƙa da masu walda duk suka ji a jikinsu. Daga nan maganar Salkadamna ta sake tasowa.

Ƙasa tana bukatar wuta, wannan ba abin musu ba ne. Amma Takanamat ƙasar noma ce da kiwo, kamar Isawan. Mutanenta ƴan uwa ne. Abin da za a nema musu shi ne adalci: diyya kafin katafila, ruwa mai tsabta, burtali a buɗe, a kuma rufe rami a mayar da ƙasar sama in aiki ya ƙare. In gemun ɗan uwa ya kama da wuta, mai hankali yakan shafa wa nasa ruwa. Yau gawayi ne a Tawa. Gobe yana iya zama hanya ko bututu ko wani ma'adini a wata ƙasar.

GAWAYI KO ICCE?

Tun cikin shekarun 2000 akwai kamfanin SNCC, mai gasa gawayin Anu Araren don girki. Gasawar tana fid da yawancin hayaƙi da wari. Manufar ita ce a rage saran daji. Manufa ce mai kyau ga manyan birane, inda motoci ke shiga da itace kullum. Dajin Baban Rafi ya daɗe yana ciyar da murhunan Maraɗi.

Amma a ƙauye lissafin daban yake. Daga Anu Araren zuwa Tasawa ya fi kilomita 500. Kuɗin mota na hawa kan kowane buhu. Gawayin yana da wuyar kamawa, kuma sai da murhunsa na musamman. Ga shi sai da kuɗi hannu ake samunsa.

Manoman jihar Maraɗi kuwa sun riga sun samo wata hanya. Bayan yunwar 1984, da babban taron yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi a watan Mayu na wannan shekara, sassaɓen zamani ya bazu. Manomi ba ya ƙone kututture. Yana zaɓen toho 2 ko 3 masu ƙarfi ya bar su, ya sassabe sauran. Sabara da kalgo da aduwa da gawo suka sake tashi cikin gonaki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa hekta wajen miliyan 5 sun sake yin itatuwa ta wannan hanya a kudancin Nijar. Itatuwan sun kai wajen miliyan 200.

Wannan shi ne ramin gawayin mutanen Isawan, kuma ba ya ƙarewa in an kula da shi. Reshen da aka sassabe ya shiga murhu. Ganye ya zama taki. Ƴaƴan gawo su ciyar da bisashe da rani. Iccen ya tare iska kada rairayi ya binne shuka. Haka goribar Gulbin Kaba take ba mata kaba ta tabarma da igiya kowace shekara, muddin ba a kashe uwar ba. In aka haɗa da murhun zamani, irin Mai Sauƙi ko na laka, itace kaɗan ya isa tuwon gida.

ABIN DA YA KAMATA A YI

1. Mai gona ya nemi takardar gonarsa. Dokar karkara ta 1993 ta yarda da gonar gado. Akwai kuma kwamitocin filaye, waɗanda ake kira KOFO, tun daga ƙauye. Suna ba da shaidar gado da ta saye da ta kyauta da ta aro da ta jingina. Ba a fafe gora ranar tafiya.

2. Makiyaya da manoma su tsaya tare a shata burtali da mashaya da wurin kiwo, a rubuta su. Dokar kiwo ta 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙi ne. Abin da aka rubuta ya fi wuyar ɓacewa.

3. A sani cewa abin da ke ƙarƙashin ƙasa na ƙasa ne baki ɗaya, gwamnati ke riƙonsa. Amma doka ta ce ba a karɓar gonar mutum don aikin jama'a sai an biya shi diyyar adalci tukuna. Ta kuma ce babban aiki sai an yi bincike an saurari mutanen wurin. In an kira taro, maza da mata su je. Kowane alkawari a sa shi a takarda.

4. Kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Wanda ya iya karatu ya karanta. Wanda bai iya ba ya nemi amintacce ya karanta masa a gaban shaidu.

5. Ɗan cin rani mai aikin rami ya nemi abin rufe hanci na gaskiya. Rawani ba ya tare ƙura mai laushi. A jiƙa dutse da ruwa kafin a fasa. Wanda ya yi sati 2 yana tari ya tafi asibiti a auna majinarsa. Tarin fuka yana warkewa in an sha magani wata 6 ba fashi.

6. Uwar gida ta yi girki a fili ko a madafa mai taga. Da hunturu kada a kwana da garwashi cikin ɗaki a rufe, ko na itace ko na ƙasa. Yana fid da wata iska marar wari marar launi. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri, ta kashe shi cikin barci. Wanda ya ji haka a fid da shi waje nan take, a kai shi asibiti.

7. Kada a shayar da bisashe a ruwan tsohon rami, ko ruwa mai launin tsatsa. A hana yara wanka ciki.

Gawayin ƙasa na iya haskaka birni, yana iya ceton wani daji. Amma sai an sa gona da rijiya da lafiyar talaka cikin lissafi za a san ko riba aka ci. Wanda ya karanta wannan fili ya karanta wa maƙwabtansa a dandali da bakin rijiya. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba da damina mai albarka.